Giwayen Layi Na Sha Ɗaya

Shekararta tara tana ƙirga namun daji, amma ba ta taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu yana motsi ba. Aikinta a hawa na biyu yake, a wani ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai ƙara, gaban kwamfuta mai allo biyu. Duk lokacin da ƙaramin jirgin hukumar gandun daji ya tashi ƙidaya, kyamarar da aka ɗaure a ƙarƙashin cikinsa takan ɗauki hoto bayan kowace daƙiƙa biyu, kuma kowane hoto yakan zo da lambar wurin da aka ɗauke shi. Dubban hotunan nan a teburinta suke ƙarewa. Ta buɗe, ta ƙara musu girma, ta ɗiga alama a kan ɓauna da gwanki da barewa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa duk ofis ake ce mata Anti Ƙirga, har shugaban ma, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba.

Ran Talata da safe, ko jaka ba ta ajiye ba shugaban ya leƙo. Ya ce matar Dogo ta haifi tagwaye, Dogo yana can asibiti ya rasa wanda zai fara ɗauka. Dogo shi ne mai zama a kujerar baya ta dama, yana kallon ƙasa yana faɗa wa rakoda abin da ya gani. Ga jirgi ya sha mai, ga gari garau, layi goma sha shida suka rage a gama ƙidayar bana, kuma babu wanda ya san dabbobin nan ta sama kamar ita.

Ta ce ita fa ko tsani ba ta hawa sai an riƙe mata. Shugaban ya ce ai jirgi ya fi tsani, tunda yana da kujera.

Ta kira maigidanta, malamin makaranta, ta same shi tsakanin darasi da darasi. Ta sa rai zai hana ta huta. Sai ya kwashe da dariya, ya ce ta je mana, shekara tara tana ba su labarin daji a gida kamar wadda aka haifa a can, yau dai ta je su gaisa.

A filin jirgi matuƙin, wanda kowa ke kira Kyaftin, ya ɗaure mata bel, ya sa mata abin magana a kunne, ya miƙa mata leda ba tare da ya ce ta mece ce ba. A kujerar hagu akwai Baffa, tsohon mai gadin daji wanda ya yi shekara talatin yana taka dajin da ƙafa kafin gwiwa ta mayar da shi jirgi. Shi ya nuna mata sanduna biyu da aka ɗaure a ƙarfen da ya tallafi fiffike. Ya ce abin da ya gifta tsakaninsu shi kaɗai za ta ƙirga. Ta ce ta sani, ita ce ma ke yi wa Dogo faɗa idan ya haɗa da na waje.

Da jirgi ya bar ƙasa ta runtse ido, ta damƙe ledar nan har sai da yatsunta suka yi gumi. Ta ji Kyaftin yana cewa sun kai ƙafa ɗari uku, sun hau layi na ɗaya. Ta buɗe ido ɗaya. A gabansa akwai ƙaramin allo, da wani siririn zare a tsakiya, da hoton jirgi ƙanƙane zaune daram a kan zaren. Tauraron ɗan Adam ne ke faɗa wa na'urar inda suke, shi kuma aikinsa kada ya kauce, kada ya yi sama, kada ya yi ƙasa. Sannan ta buɗe ɗaya idon ta leƙa ta taga.

Ashe ta san wurin. Ga jan tudun nan, ga bishiyar da tsawa ta raba biyu, ga kwanar kogin da ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Duk ta gan su sau ɗari a allo, sai dai yau ciyawa tana kaɗawa, ruwa yana walƙiya, barewa uku sun ɗaga kai sun zura da gudu. Ta ce wa rakoda barewa uku, muryarta na rawa. A layi na huɗu muryar ta daidaita. A na shida ta ce wa Kyaftin bayan tudun can akwai tafki, kuma kada ya yi mamaki in ya ga dorina. Suka tsallake tudu, ga tafki, ga dorina biyar. Baffa ya juyo ya dube ta, ya ce shi sai da ya kashe takalma uku kafin ya gano tafkin nan, ita tana zaune ƙarƙashin fanka.

Layi na sha ɗaya ya ratsa ta gefen wata fadama da aka haƙa wa magudana tun da daɗewa, ruwanta ya tsiyaye, giwaye suka daina zuwa. Shekara uku da suka wuce masu gadi suka toshe magudanar da duwatsu da ƙasa. A hotunan bara taɓo kawai ta gani. Yanzu kore shar, fararen tsuntsaye sun rufe bakin ruwa. A can gefe kuma ga wasu manyan duwatsu masu launin toka, sai ɗaya ya kaɗa kunne.

"Baffa," ta ce a hankali, "giwaye."

Baffa ya miƙo wuya ta kafaɗarta. Ya ƙare musu kallo, sannan ya tambaya ko suna tsakanin sanduna. Ba sa ciki. Kaɗan ya rage, amma a waje suke. Ta roƙi Kyaftin ya ɗan karkata dama, ɗan kaɗan kawai.

"Anti, da Dogo ne ya ce haka, me za ki ce masa?" in ji Kyaftin.

Baffa ya fashe da dariya har da goge ido. Kyaftin dai ya danna maɓalli, na'urar ta adana wurin. Suka bi layin har ƙarshensa, minti shida da ta ji kamar yini guda, sannan ya juya jirgi ya bi alamar ya dawo da su kan fadamar. Ya ce za a rubuta su daban, a matsayin waɗanda aka gani a wajen layi. Ya kwantar da fiffike ya yi zagaye uku, ita kuma ta riƙe kyamarar hannu tana ta ɗauka, ta manta da leda, ta manta da tsoro. Da ido ta ƙirga ashirin da uku. Baffa ya ce shekara goma sha huɗu rabonsa da ganin sawun giwa a wannan ɓangaren.

Da yamma a gida sau uku ta ba da labarin, ga maigidanta, ga Innarta a waya, ga maƙwabciya da ta shigo aron dutsen guga ta ƙare a zaune. A kowane zagaye giwayen ƙara girma suke yi, in ji maigidan.

Washegari Baffa ya hau benen da kyar, ya ja kujera kusa da ita. Ta buɗe hotunan a babban allo. Ashirin da ukun nan suna nan, amma da ta ƙara girman hoton sai ga 'ya'ya huɗu a laɓe cikin inuwar iyayensu. Ashirin da bakwai. Baffa ya sa yatsa a kan wani ɗigo a bakin ruwa ya ce ga na ashirin da takwas.

Ta ce dutse ne. Ya ce 'yata, dutse ba ya tsayawa kusa da uwa haka. Ta ce ta shekara tara tana raba dutse da dabba, wannan dutse ne. Suka yi ta ja, har shugaban ya leƙo ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya koma. Can ta tuna ai hotunan a jere ta ɗauka, ta buɗe na gaba. Dutsen ya matsa taku biyu, ya ɗaga ɗan hancinsa da bai fi igiya kauri ba.

"To, Baffa, ka ci," ta ce tana dariya.

Baffa ya ce wannan bai kai sati biyu a duniya ba, kuma a fadamar aka haife shi, don uwa ba ta doguwar tafiya da irinsa. Ya miƙe, ya kama ƙarfen bene, ya fara sauka yana kiran mutanen hawa na ɗaya su zo su gani.