Sunan da Bokiti Ya Zaɓa

Yarinyar ta cika wata biyu ranar Talata. Tana da suna biyu a takarda, amma daga ubanta har uwarta babu mai iya kiran ko ɗaya. Uwar kuma, wadda ya kamata ta koma ɗakinta tun ranar arba'in, har yanzu tana gidan iyayenta.

Uban shi ne Falalu Sagir, mai kula da injin buga bokiti a wani kamfanin roba da ke Sharada. Matarsa Badi'a malamar firamare ce. Ta haihu a farkon damina, kuma da yake haihuwar fari ce, aka tafi da ita wankan gida, can unguwarsu ta bayan Bompai.

Tun kafin haihuwar Falalu ya yanke shawara: in mace ce, sunan mahaifiyarsa za ta ci. Sunan mahaifiyar Furera. Shi dai bai taɓa furta shi ba tun da ya yi wayo, Inna yake cewa. Ranar kwana biyu da haihuwa ya kira Badi'a a waya.

"Sunan Inna zan sa mata."



"Inna uwa ce, Malam, ba ni da ta cewa. Amma ka san bakina ba zai iya kiran sunan surukata ba. Kuma yarinyar nan makaranta za ta je. A ajina kaf babu mai irin sunan nan, sai mai sayar mana da ƙosai a bakin get. Ka haɗa mata da na biyu, na zamani, wanda zan riƙa kiranta da shi. Ni ba na kunyar ɗan fari irin ta mutanen da."

"Wanne kike so?"

"Kai ne uba. Ka ba ni mamaki."

Falalu ya san injinsa ciki da waje, amma sunan mata na zamani bai san kansu ba. Washegari da aka tashi hutun cin abinci, sai ya rubuta sunan Inna da manyan baƙi a bayan kwali, ya jingina shi a rumfar mai shayi, ya nemi shawara. Duk sanda maganar ta zo kan sunan, sai ya nuna kwalin da cokali.

Idi, mutumin Maraɗi mai tuƙa motar loda kaya, shi ya fara.

"Ka bar shi shi kaɗai, Falalu. Suna ne mai ƙwari. Furera ba ta ciwon kai."

"Furera Ilham," in ji Atika, shugabar mata masu shirya kaya.

"Haba Atika! Wannan ai kamar ka sa wa kurar ruwa tayar jif ne."

"To Furera Nawal."

"Kunun kanwa da madarar gwangwani."

"Kai da ka sa wa 'yarka Tasalla, yarinyar da aka haifa a tsakiyar azumi, kai ne za ka koya mana suna?"

Malam Haruna mai kula da sito, wanda ake jin maganarsa saboda shi ke jan sallar azahar, ya ce dukansu sun kauce. Suna biyu kamar kaya ne a bayan mota, in ɗaya ya rinjayi ɗaya sai an kife. Na farko mai nauyi ne, don haka na biyu ya zama mai laushi amma mai asali. Ya kawo Shifa'u. Atika ta ɗanɗana shi a baki sau biyu, ta ce ba laifi, kuma sabo ne fil, ita ba ta taɓa jin babbar mace mai shi ba.

Gardamar ta kwana uku. 'Yan aikin rana suka bar wa 'yan aikin yamma, har masu gadi suka rabu biyu. A kwana na shida da haihuwa Malam Haruna ya ɗauko bokiti uku cikin waɗanda inji ya ɓata, ya rubuta suna a jikin kowanne, aka kaɗa ƙuri'a da marfin kwalba. Ilham ta samu tara, Nawal sha ɗaya, Shifa'u sha tara. An soke ƙuri'a ɗaya ta Idi, saboda ya jefa nasa marfin cikin kofin Falalu.

Falalu bai gaya wa Badi'a ba. Mamaki ta nema.

Ranar suna, bayan sallar asuba, aka taru a ƙofar gidan surukinsa, Alhaji Salisu. Falalu ya miƙa wa liman takarda, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya: "Sunan jaririya Furera Shifa'u!"

Alhaji Salisu ya yi tari. Ya dubi surukinsa ta saman tabarau, sannan ya kama hannunsa ya riƙe.

"Allah ya yi albarka. Gaskiya ba mu zata ba."

A cikin gida guɗa ta tashi, ta ƙi ƙarewa. Falalu yana cikin jin daɗi wayarsa ta yi ƙara.

"Malam," in ji Badi'a, murya ƙasa-ƙasa, "ka san sunan Hajiyarmu?"

"Hajiya Babba."

"Sunanta na yanka nake nufi."

Shekara uku da aurensu, Falalu bai sani ba. Unguwa duk Hajiya Babba ake cewa, 'ya'yanta ba sa faɗa, mijinta ba ya faɗa, shi kuwa wane ne zai tsaya tambayar sunan surukarsa?

"Ban sani ba," ya ce.

"To, yanzu ka sani. Kai ka sa maroƙi ya shelanta shi."

Sunan zamanin da kamfani ya zaɓa, Hajiya Babba ta shekara sittin da huɗu tana ɗauke da shi.

Hajiya Babba ta yi kuka don murna, ta ce ba ta san Falalu yana ganin girmanta haka ba. Ta sa wa jaririyar Hajiya Ƙarama. Inna, da ta zo daga Jahun da ƙwaryar fura, ta ce takwararta ce tun da sunanta ne a gaba, Inna Ƙarama za a ce. Hajiya Babba ta ce na gaba ai share hanya yake yi. Tun daga ranar nan kakannin biyu suke gaisawa da ladabi mai yawan gaske.

Falalu bai iya faɗa wa Hajiya Babba cewa bokiti ne ya zaɓe ta ba. Badi'a ce kaɗai ya faɗa wa, ita ma sai da ta matsa.

Da suka kai yarinyar allurar rigakafi, ma'aikaciyar asibiti ta ɗauki biro ta ce, "Sunanta?" Badi'a ta dubi Falalu, Falalu ya dubi fanka. Matar ta sake tambaya. A ƙarshe ya karɓi biron ya rubuta da kansa.

A hanyar komawa, cikin adaidaita, Badi'a ta gaya masa sharaɗinta. Za ta koma gida ranar da aka samu sunan da za ta iya kiran 'yarta da shi a gaban mutane, wanda ba zai ɓata wa Inna ba, ba zai ɓata wa Hajiya ba. Ta ƙara da cewa in ta ji akwai hannun bokiti a ciki, ya ƙara mata wani arba'in ɗin.

A kamfani, 'yan aiki sun riga sun sa wa yarinyar Mai Ƙuri'a, kuma sunan ya fara bin Falalu har bakin titi. Atika ta kawo sunaye shida a takarda. Idi ya ce a koma kan shawararsa ta farko. Malam Haruna ya ce shi ya daina ba da fatawa a kan sunan mata, sai dai bai mayar da bokitan uku wurin narkarwa ba. Suna nan a sito, a jere.

Zuwa jiya Alhamis, Falalu bai kai wa Badi'a suna ba.