Siminti a Kan Dawa

Ƙanena Uzairu mutumin kirki ne, wannan kowa a ƙauyenmu zai faɗa maka, daga bakin magudanar ruwa har hanyar Wad Haddad. Yo ba dole su faɗa ba, su da suke cin moriyarsa? Ni Hindu, yayarsa, da nake zaune a gidansa tun rasuwar mijina, ni na san sauran labarin. Hannun yaron nan rariya ne. Na ce yaro, alhali furfura ta cinye masa rabin gemu, amma ni na goya shi, don haka zan kira shi yadda na ga dama.

Idan aka sussuke dawa aka kawo buhuna gida, ba a yin wata guda sai masu zumunci su fara tuna mu. Wannan matarsa ta haihu, wancan jakinsa ya mutu, wani kuma ba abin da ya same shi, gaisuwa kawai ya zo, amma da buhu yake komawa. Idan kuɗi ne a aljihunsa, abin ya fi muni. Ga shi kuɗin namu a shekarun nan, ka kwanta da su da ƙiba, ka tashi sun rame. Abin da ya sayi sukari kilo guda jiya, yau sai a ƙulla maka shi a leda kamar magani.

Matarsa Maijidda ba ta da yawan magana, amma kanta yana aiki. Wata safiya bayan girbi, Uzairu ya loda rabin dawar hawasharsa, wato gonar da yake nomawa a filin ban-ruwa, ya bi lori zuwa kasuwar Managil. Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba Maijidda ta zo ta tsaya a kaina da fartanya biyu.

"Yaya, bana Najwa za ta zauna jarrabawar ƙarshe," in ji ta. "Kin san abin da ta sa a ranta."

Na sani mana. Najwa, 'yarsu ta fari, tun tana ƙarama take naɗe wa awaki ƙafa da tsumma tana cewa ta yi musu aiki. Karatun jinya take so a Sinnar, ba ta da wani zance sai shi.

"Idan sakamako ya fito da damina, da me za mu kai ta?" Maijidda ta ce. "Dawar da ke ɗakin nan ba za ta kai lokacin ba, kin fi ni sanin dalili. Idan kuma muka sayar muka ajiye kuɗi, takarda za mu tarar. Matmura za mu haƙa."

Matmura rami ne da iyayenmu suke haƙawa su zuba hatsi, a shimfiɗe shi da ƙaiƙayi, a rufe da kara da laka, dawa ta yi shekara a ciki ba abin da ya same ta. Na ce, "Da sanin maigidan?"

Ta dube ni kawai. Na karɓi fartanya.

Muka zaɓi wuri mafi tudu a tsakar gida, kusa da bangon gabas, inda ruwa ba ya kwanciya. Wayyo bayana! Ƙasar nan tamu baƙa, idan ta bushe sai ka ce da dutse kake faɗa. Kwanakin da Uzairu ya yi a Managil a ramin nan muka ƙarar da su, ni da Maijidda da Najwa, wadda muka sa ta rantse ba za ta buɗe baki ba. Muka juye yawancin buhunan a ciki, muka rufe, muka daɓe, muka share wurin har yana sheƙi.

Da Uzairu ya dawo, ya leƙa ɗakin ajiya. Ya tsaya yana kallon 'yan buhunan da suka rage, yana sosa ƙeya. Can sai ya ce, "La ilaha illallahu! Har na bayar da wannan yawa? Wallahi ban ma tuna ba. To, Allah ya karɓa."

Na shige bayan ɗaki na yi dariya har da hawaye. Mutumin da ake sace masa dawa ya ce Allah ya karɓa!

Tun daga ranar Maijidda ta tare a kan matmurar nan. Can take shimfiɗa tabarma, can take tsince wake, can take soya kisra, burodin nan namu na dawa mai faɗi. Ba ta so kowa ya kafa turke ko ya ɗaure jaki a wurin. Ashe Uzairu yana lura.

Sai biki ya taso a Abu Hujar, 'yar ƙanwar Maijidda za a aurar. Muka tafi mu uku muka bar shi da gida. Muka ci, muka sha, muka yi rawa har gwiwata ta yi ƙara. Bayan mako guda muka dawo. Tun daga ƙofar gida na ga Uzairu tsaye cikin farar jallabiyarsa, bakinsa har kunne.

"Ku rufe ido," in ji shi.

"Kai, matsa mana, mun gaji," na ce.

Muka shiga. Ya salam! A kan matmurarmu, daidai kanta, ba gefe ba, an zuba daɓen siminti mai kauri, faɗinsa ya kai na ɗaki. An kafa ginshiƙai huɗu, an yi rumfa da kwano a sama, har da ɗan murhu a kusurwa. A bakin daɓen kuma ya rubuta sunan Maijidda da tsinke tun siminti yana ɗanye.

"Na ga kina son wurin nan," ya ce mata, yana murza hannu. "Kullum a nan kike, rana tana dukanki. Na ce wallahi uwar Najwa ba za ta ƙara zama a ƙasa ba."

Maijidda ta saki jakarta. Ta zauna a bakin daɓen ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Uzairu ya juyo gare ni idonsa ya cika da ƙwalla. "Yaya, kin gani? Kukan murna take yi."

"Ƙwarai kuwa," na ce. "Ni ma saura kaɗan in yi."

Me za mu ce masa? A cikin shekarun aurensu bai taɓa sayen abin da ya wuce mako guda a gidan nan ba sai wannan. Rumfar ta zama fadarsa. Da la'asar zai sa a fito da gadon igiya, a dafa jabana, wato gahawa da citta, abokansa su kewaye shi. Sai ya buga dunduniya a daɓen ya ce, "Ku ji! Wannan ko tarakta ta hau ba zai tsage ba." Duk bugun da ya yi, a ƙirjina nake jin sa. Maijidda ta ce mu bari tukuna, lokaci bai yi ba. Ni kuwa na san tsoro ne, ba ta so ta ga fuskarsa ranar da zai san ta ɓoye masa abu.

Damina ta zo da ƙarfinta. Akwai ruwan da aka yi wanda magudana ta cika ta tumbatsa, tsakar gidaje suka koma tafki. Maƙwabciyarmu Raihana ta buɗe tata matmurar bayan ruwa ya janye, ta tarar dawa ta yi tsami ta yi baƙi, ko kaji sun ƙi ci. Ranar Maijidda ba ta iya cin abinci ba. Ta zagaya rumfar nan ta fi a ƙirga, tana shinshina ƙasa.

Ana cikin haka sakamako ya fito. Najwa ta ci, kuma an ba ta gurbi a makarantar jinya. Guɗar da na rangaɗa sai da awakin unguwa suka watse. Uzairu ya rasa inda zai sa kansa, ya raba alewa har ga yaran da ba mu san iyayensu ba. Washegari da safe kuwa na same shi a rumfa ya yi tagumi, shayinsa ya huce. Akwai kuɗin rajista, da na ɗakin kwana, da fararen kaya, da na mota, kuma makarantar ba ta jiran kowa. A kasuwa dawa ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, ɗakin ajiyarmu kuma ɓeraye ma sun yi ƙaura.

Ya miƙe ya ɗauki rawaninsa. "Zan je wurin Alhaji Abdulmuttalib," ya ce. "In karɓi shel."

Shel shi ne ɗan kasuwa ya ba ka kuɗi yanzu, ya kwashe amfanin gonarka da kaka a farashin da ya ga dama. Mahaifinmu ya shiga shel sau ɗaya, muka yi shekaru muna noma wa wani. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na dubi Maijidda na ce, "Ko ki faɗa, ko in faɗa, kuma kin san bakina ba ya tauna magana."

Ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Baban Najwa, zauna."

Ya zauna.

"Akwai dawa."

"A ina?"

Ta nuna ƙarƙashin ƙafarsa. Ya duba silifas ɗinsa, ya duba ta. Sai ta zayyana masa komai, tun daga fartanya biyu har ranar da muka dawo daga Abu Hujar. Najwa tana maƙale a ƙofar ɗaki tana saurare.

Uzairu ya sunkuyar da kai. Wallahi ya ba ni tausayi, domin na ga abin ya sosa masa rai. Ya shafa sunan da ya rubuta a bakin daɓen da yatsa.

"Wato kukan nan ba na murna ba ne," ya ce.

"Rabi da rabi ne," in ji Maijidda a hankali.

"Kuma dawar da na ce Allah ya karɓa..."

"Bai karɓa ba tukuna," na ce. "Tana nan."

Sai na ga gemunsa yana motsi. Dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya riƙe ginshiƙi. Da ya samu numfashi ya ce, "Kun san abin da ya sa na sayi simintin nan? Ranar da na sayar da dawa a Managil, kafin in fita daga kasuwa mutum uku sun tare ni da kukansu. Na ji hannuna yana tafiya aljihu da kansa. Na ce idan kuɗin nan suka kwana a jikina, ko sisi ba zai iso gida ba. Na faɗa shagon farko da na gani na ce a ba ni abu mai nauyi, wanda ba zan iya ba kowa kyauta ba. A shagon na bar shi ajiya sai da kuka tafi biki." Ya share ido da bakin rawani. "Ashe ɓarawo ɗaya muke gudu ni da ke, uwar Najwa."

Maijidda ta yi dariya tana kuka, wannan karon na gaske.

Shi da kansa ya aro guduma. Ya hana kowa taɓawa. Ya auna inda muka nuna masa, ya kauce wa sunan, ya yi bisimilla ya sauke. Gaskiyarsa ne, daɓen nan ko tarakta ba za ta fasa shi ba, sai da ya yi gumi har jallabiya ta manne masa. Unguwa ta taru a kan katanga ana tambaya ko aljanu ne suka shafe shi. Da ya kai ga laka, Maijidda ta durƙusa ta yaye karan da hannunta. Ni dai na rufe ido, ina tuna dawar Raihana.

"Gwaggo, duba!" Najwa ta yi ihu.

Na buɗe ido na ga Maijidda ta ɗago hannu, dawa tana zubowa ta tsakanin yatsunta, busasshiya, fara tas. Simintin nan da rumfar kwano su suka hana ruwa ya shiga. Uzairu ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya tauna, ta yi ƙaras. Ya juya ga masu leƙe a katanga ya ce, "Kun gani? Aikina ne!"

"Namu dai," na ce. "Kai murfi kawai ka yi."

Aka sayar da abin da ya isa, aka bar na ci. Ranar da Najwa za ta tafi, shi ya ɗaukar mata akwati har bakin titi, yana gaya wa direba da duk fasinjoji cewa likita ce suka ɗauka.

Da kaka ta zagayo muka sake cika matmurar, wannan karon shi ne a cikin rami yana karɓar buhu. Maimakon ya sake daɓe wurin, sai ya zuba murfin siminti mai kauri, ya sa masa zoben ƙarfe uku. Na gwada ɗagawa, ko motsi bai yi ba. Na ce, "Kai Uzairu, wannan wane irin nauyi ne? Wa zai iya ɗaga shi?"

"Ba ni kaɗai ba dai," ya ce. "Da gangan na yi. Zobe ɗaya nawa, ɗaya na uwar Najwa, ɗaya naki."

Ba a yi wata guda ba wani ɗan'uwanmu na nesa ya zo gaisuwa, da jakinsa da buhu a naɗe a hammata. Ya sha jabana, ya kawo kukansa. Na ga Uzairu yana mutsu-mutsu a kan gado, yana kallon murfin, yana kallon mu. Ya tashi ya kama zobensa ya ja, ya ja, jijiyar wuyansa ta tashi. Ni ina tsince wake, ban ko ɗaga kai ba. Maijidda ta shiga ɗaki ta auno wa baƙon kwano biyu daga na ci, ta ƙulle masa a bakin buhunsa.

Da baƙon ya tafi, Uzairu ya dawo ya zauna a kan murfin yana haki. Ya buga shi da tafin hannu sau biyu.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ya fi ƙarfina."