Mai Ture Yana na Sérou

Ido ɗaya ya rage wa Malam Iliassou, shi ma yanar ido ta rufe shi. Na hagu ya mutu tun shekara huɗu, na dama kuwa yana ganin mutane kamar ta cikin ruwan koko. Shekara talatin yana koyar da Faransanci a Parakou, yanzu sunansa ma sai an karanta masa.

A takardar da likita ya ba shi an rubuta cécité, wato makanta. 'Yarsa Zoulaïha ta karanta, ya gyara mata furuci, ya ce asalin kalmar caecitas ce da Latin, kuma Rumawa suna faɗarta ga ido da ya mutu, suna faɗarta ga hankalin da ya ƙi gani.

"To Baba, wace iri ce taka?" in ji ta.

Bai yi dariya ba. An sa masa aikin ido ran Talata ƙarfe uku, a asibitin da matarsa Hadjo ta shiga da ƙafarta aka fito da ita a makara. Ran Talata da hantsi ya sa maƙwabcinsa Chaibou direba ya ɗauke shi daga unguwarsu ta Ladjifarani, ba tare da Zoulaïha ta sani ba, suka nufi Djougou. An ce akwai mai ture yana a Sérou, wani ƙauye kusa da can. Tsinken ƙarfe yake sokawa a gefen ido ya tura yanar ciki, mutum ya tashi yana ƙirga yatsu, mata na guɗa.

Sun tarar da layi a gindin mangwaro. Wani tsoho a gefen Malam yana ta yabon mai aikin.

"Bara ya yi mini na hagu, a take na ga murmushin jikata."

"Yanzu fa, Alhaji?"

"Wata biyu na yi ina gani. Sai ciwo, sai duhu. Ƙaddara ce. Na kawo na dama."

Malam ya lalubi Chaibou, aka ce ya tafi neman kunu. Sai kawai Malam ya ji an kira shi.

A cikin rumfa aka kwantar da shi a tabarma, ƙarti biyu suka danne masa kafaɗu. Ya ji ƙarar ƙarfe a cikin kwano. Mai aikin ya sunkuyo har numfashinsa na goro yana dukan fuskar Malam, sai wani abu ya ƙyalla a fuskarsa. Malam ya zare hannu ya shafa. Tabarau ne.

"Kai ma ciwon ido ka yi, Baba?"

"Yana ce, duka biyun. An cire."

"Wa ya ture maka?"

"Likita, a Parakou," in ji shi, yana goge tsinke a hannun riga. "Ai mutum ba ya yi wa kansa. Kwanta sosai."

"Ba ka da almajiran sana'a? Ba ka da ɗan'uwa mai hannu irin naka?"

"Suna nan da yawa. Malam, ido ne fa."

Malam ya ce a sake shi. Ƙartin suka ɗauka tsoro ne irin na kowa, suka ƙara dannawa, har sai da ya daka musu tsawar da yake yi wa 'yan aji. Ya fito yana tuntuɓe da ƙafafun masu jira, yana ƙwala wa Chaibou kira.

A mota ya tambayi lokaci. Sha biyu da rabi.

"Za mu kai kafin uku?"

"In manyan motoci ba su tare hanya ba."

Ya miƙa wa Chaibou waya ya nemo masa Zoulaïha. Ta ɗauka tana kuka, ta ce tun safe take zagaye unguwannin Guéma da Ladjifarani tana nemansa.

"Ki je ki tsaya a ƙofar likitan," ya ce. "In ya kira sunana, ki ce ina hanya. Kada ki bari ya cire rigar aiki."

Ya rufe idon da tafin hannu saboda jar ƙasar hanya, ya riƙe shi haka har suka hau kwalta.