Shari'ar Rariyar Gidan Su Zuhura

Malam Siddiq ya yi aikin tafinta a kotun majistare ta Katsina har ya yi ritaya. Bayan rasuwar matarsa Zuhura, 'yarsa Mariama ta matsa masa sai da ya yarda ya biyo ta Faransa, inda take auren wani mutumin Maraɗi mai aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, kusa da birnin Lyon. Suna zaune a dogon bene a unguwar Minguettes ta garin Vénissieux. Mutumin da ya saba magana a madadin jama'a, sai ga shi a garin da ko burodi ba ya iya saye sai da nuni. Ya koma shiru-shiru, daga masallaci sai kujerar bakin taga.

Jikarsa Muhsina a Lyon aka haife ta, tana karatun lauya a jami'ar Bron. Hausarta rabi Faransanci ce, don haka hirarsu ba ta wuce gaisuwa da tsokanar kaka da jika. Da wani ofishin lauyoyi na Paris ya kira ta ganawa don neman gurbin koyon aiki, Mariama ta ce Baba ya raka ta, ya ga tsohon amininsa Alhaji Abdourahamane, ɗan kasuwa a unguwar Château Rouge a can Paris.

Da safe suka hau jirgin ƙasa. Muhsina ta buɗe kwamfuta tana ta tsaki. Ya zuba mata ido har suka fita gari, sannan ya ce, “Amarya, wa ya taɓa min ke?”

“Turanci ne, Kaka. Da shi za su yi min rabin tambayoyin. Lawsuit, da Faransanci procès. Trial ma procès. To ina bambancin?”

Malam Siddiq ya gyara zama. Ya maimaita kalmomin a hankali, kamar mai kiran sunayen abokan da ya daɗe bai gani ba.

“Lawsuit ƙara ce,” in ji shi. “Wani ya shiga haƙƙinki, kin je kotu kin shigar da ƙara. Trial kuwa shari'ar ce kanta, ranar da alƙali ya zauna, aka kira shaidu. Ƙara nawa na gani da ta mutu ba ta kai ga shari'a ba! Shi kuma case babbar riga ce, kowa tana shigarsa, da ƙarar gona da ta ɓarawo.”

“Affaire ke nan,” ta ce, tana rubutawa. “Hearing fa? Mu audience muke cewa.”

“Zama guda na sauraro. A bakin Bature mai Ingilishi kuwa, wannan kalmar taku 'yan kallo take nufi. Kada ki ce musu za ki je wurin 'yan kallo.”

Ta yi dariya har matar da ke kujerar gefe ta waiwayo. Muhsina ta tambaye shi ma'anar plaintiff. Sai ya juya yana kallon gonakin da ke wucewa, da shanu farare a cikin ciyawa.

“Mai ƙara,” ya ce. “Kakarki ce.”

Muhsina ta rufe kwamfutar.

Ya ba ta labari. A lokacin yana saurayi, bai daɗe da fara aiki ba. Kotun ɗaki ne mai rufin kwano da fanka guda mai kuka, a waje akwai bishiyar maina inda masu jiran kira suke shimfiɗa tabarmi, da wata tsohuwa mai sayar da fura. Majistaren mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, kome sai ta bakin Siddiq. Wata rana da damina aka kira ƙarar wasu maƙwabta daga unguwar Rafindaɗi. Wani attajiri ya ja katanga ya toshe rariyar gidan wani tsohon malami makaho, ruwa ya kwanta a tsakar gida har ɗaki ɗaya ya zube. 'Yar malamin ce ta shigar da ƙarar, ita ce kuma ta tsaya.

“Siririya, da mayafi ruwan ƙasa. Kowa in ya shigo kotu muryarsa rawa take yi, ita ko gezau. Ta yi bayani, na juya wa majistare a taƙaice. Sai ta dube ni ta ce, ‘Malam, ni na yi magana mai tsawo, kai ka yi gajera. Ina ka kai sauran?’”

“Ta faɗa maka haka a gaban juge, a gaban alƙali?”

“A gaban kowa. Majistare ya ce me ta ce, dole na fassara masa wannan ma. Ya yi dariya har ya cire tabarau.”

Ya ce attajirin shi ne defendant, wanda ake ƙara. Ya gargaɗe ta kada ta kira irinsa accused, don wannan na wanda ake tuhuma da laifi ne, kuma toshe rariya ba sata ba ce. Attajirin ya ɗauko lauya daga Kano, lauyan kuwa kullum da uzuri. Yau motarsa ta lalace, gobe yana wata kotun. Majistare sai ya buga tebur ya ce adjourned, an ɗage.

“Duk mai ƙara ya tsani wannan kalma. Ni kuwa a duk Turancin duniya babu wadda ta kai ta daɗi a kunnena, don ma'anarta Zuhura za ta dawo. Ina faɗin ‘an ɗage shari'a’ ina ɓoye murmushi, ita tana harara ta kamar ni na ɗage.”

“A ƙarshe wa ya ci?”

“Babu. Dattawan unguwa suka shiga tsakani, attajiri ya fasa katanga ya fitar da rariya, ya gyara ɗakin. Wannan shi ne settlement, sulhu a wajen kotu. Kowa ya yi murna ban da ni. Na yi kwanaki ina duban gindin mainar nan, babu ita. Da abin ya ishe ni, na hau kekena na tafi Rafindaɗi, wai na zo duba ko ruwa yana wucewa. Da rani fa! Mahaifinta ya ji muryata ya ce, ‘Tafinta ne? Shigo, mun san ba rariya ta kawo ka ba.’”

Muhsina ta dafa hannunsa. Ba ta taɓa ganin kakarta ba sai a hoto. Har suka isa Paris ba ta sake buɗe kwamfutar ba. Tambayoyi take yi, yaya muryarta, me take dafawa, ko tana faɗa. Inda Hausa ta ƙare mata sai ta sa Turanci, shi kuma ya mayar mata da Hausar.

Alhaji Abdourahamane ya tarye su a tasha. Tsofaffin suka rungume juna, aka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ina wane, Allah ya jiƙan wane. Muhsina ta wuce ganawarta. Da la'asar ta same su a shagon, tsakanin buhunan gero da atamfofi, suna cin kilishi suna gardamar wace shekara aka yi wa hanyar Jibiya kwalta.

“Yaya aka yi, Amarya?”

“Ko ɗaya daga kalmomin nan ba su tambaye ni ba, Kaka! Kwangilar kamfanoni suka yi ta tambaya. Amma ban ji tsoro ba.”

Ita ta koma Lyon a ranar saboda darasi, shi Alhaji ya riƙe shi har Juma'a. Kafin ya dawo, ofishin lauyoyin ya kira ta, sun ɗauke ta.

Mariama ce ta je ɗaukarsa a tashar Part-Dieu. Ta sa jakarsa a bayan mota, suka kama hanya. Sun ɗan yi nisa ta ce, “Baba, Muhsina ta ce a kotu kuka haɗu da Inna. Ni ce min aka yi haɗin iyaye ne.”

“Haka ta fi so a ce. Kunya take ji a san ta taɓa kai mutum ƙara.”

“To ni ba a ba ni labarin ba?”

“Ba ki taɓa tambaya ba.”

“Na tambaya yanzu.”

Ya fara daga fankar nan mai kuka. Mariama ta saki baki tana saurare, har ta wuce mahaɗar da ke shiga Vénissieux ba ta lura ba. Sai da dogayen bututun hayaƙin Saint-Fons suka bayyana a gabansu ta ankara. Ta ce bari ta juya, ya ce ta bari sai shataletale na gaba.