Ɗigon Baba Gideon

Tun ƙarfe bakwai na safiyar Asabar Hadassah ta buɗe kwamfutarta a kan bencin shagon babanta da ke unguwar Television, sai rawar jiki take yi. Wata uku ke nan ita da Tony, abokin karatunta, suna zana injin tsaga citta a manhajar zane ta CAD. Ita ta zana teburi da ƙafafu, shi ya zana wuƙa da mazurari da sandar da ke juya wuƙar. Yau za a haɗa sassan wuri ɗaya.

Baban nata kuwa, Baba Gideon, yana zaune a kan akwatin kayan aikinsa, ya riga ya ɗaure shi da igiya tam. Shekara ashirin da biyu ya yi yana gyaran injuna a masaƙa, da ta rufe ya buɗe wannan shago, yanzu kuma ya ce ya gaji, Kachia zai koma. Motar da za ta kwashe shi za ta iso ƙarfe goma sha biyu. Alkawari ɗaya Hadassah ta samu daga bakinsa, shi ma da ƙyar: in ya ga injin ya tsaya da ƙafafunsa a cikin kwamfutar, wuƙa ta juya ba ta gogi komai ba, zai kwance igiyar su ƙera shi tare. Ita kuwa ba injin kaɗai take so ba, uban take so ya zauna.

Tony ya iso a keke Napep daga Barnawa, yana haki. Suka zuba sassansa cikin nata, ta danna.

Kai, abin ba a cewa komai! Teburi ya tsaya daidai, amma mazurari ya kwanta a gefensa, wuƙa kuma ta tafi can sama tana lilo ita kaɗai. Sandar ta huda ƙafar teburi ta fito ta baya.

"Wannan ne injin?" in ji Baba Gideon, yana gyara tabarau. "Ko hatsari aka yi a hanya?"

Kunya ta kama Hadassah har wuya. Ta shiga jan sassa da hannu ɗaya bayan ɗaya, ta gyara wannan wancan ya goce. Tony na cewa nasa daidai ne, ita tana cewa nata ne daidai. Haka goma ta yi, goma da rabi ta wuce.

Tsohon dai ya kasa haƙuri, don mai gyara ba ya iya ganin abu a karkace ya yi shiru. Ya matso.

"Kai Tony, daga ina ka fara awo?"

"Daga kusurwar mazurari, Baba."

"Ke fa?"

"Daga tsakiyar teburi."

"To ina ne sama?"

Cikin layukan awo na manhajar, Hadassah ta ce layin Z, Tony ya ce layin Y, a tare. Suka kalli juna.

Baba Gideon ya yi dariya har da tari. "A masaƙa, kafin kowa ya taɓa ƙarfe, sai mun buga ɗigo ɗaya a tsakiyar sanda. Kowa daga nan zai auna, ko oga ne. Ku kowa da nasa ɗigon, kowa da nasa sama. Yaya ba za ta kwanta ba?"

Hadassah ta yi tsalle har kujera ta faɗi. "Baba, ai akwai ɗigon a nan ma! Kwamfuta ce ta zaɓa mana, mu kuma muka bar shi yadda ya zo!"

Ta buɗe zanen sandar, ta kafa sabon tushen awo a tsakiyarta, ta ce Z ne sama. Ta bi wuƙa, ta bi mazurari, ta bi teburinta ita ma, don nata ɗin ba shi ya fi gaskiya ba. Tony na kiran sassa tana sauyawa, yatsunta har suna tuntuɓe. Sassa goma sha huɗu ne, suna kan na goma sha ɗaya mota ta yi hon a waje.

"Direba ya jira!" Tony ya yi ihu.

Ta gama, ta sake haɗawa. Mazurari ya miƙe ya zauna a bisa, sanda ta shige raminta, wuƙa ta sauko ta kama ta. Hadassah ta juya ta a hankali. Ta zagaya sau ɗaya, sau biyu, ba ta gogi komai ba. Tony ya fita da gudu yana ta shelanta wa masu walda na maƙwabta, su ba su ma san abin da ake yi ba.

Baba Gideon ya gyara tabarau. Ya daɗe yana kallon wuƙar tana juyawa. Sannan ya durƙusa, ya kwance igiyar, ya lalubo guduma da wata tsohuwar ƙusar ƙarfe da kanta ya baje saboda duka. Ya ɗauko guntun sanda ya ɗaure a bencin.

Hadassah ta matsa don ta ba shi wuri, murna ta cika ta har idonta ya kawo ruwa. Sai ya kamo hannunta ya danƙa mata ƙusar.

"Hannuna rawa yake yi yanzu, 'yata. Shi ya sa na ce zan tafi," ya faɗa a hankali. "Ke buga ɗigon. Ni zan riƙe miki sandar."