Safiyanu Ya Kalli Mahaifinsa

Safiyanu ya tuɓe takalmi a bakin rumfar dukancin mahaifinsa, Malam Alkasum, da ke unguwar Birni, ya durƙusa. Saura awa biyu motar Yamai ta tashi, daga can sai jirgin Beljiyam, inda yake tsare wa wata ƙungiyar ƙwallo gida. Abu ɗaya ya kawo shi, Malam Alkasum ya sa masa albarka. Bai taɓa barin Damagaram babu ita ba.

Zagin 'yan kallo ya daɗe da daina yi masa ciwo. Mai tsaron gida ai haka rabonsa yake: in ya tare, aikinsa ya yi, in ƙwallo ta shiga, shi kaɗai ne mai laifi. Abin da ya kusa korarsa a can daban ne. Duk sadda mai horar da su ke masa faɗa, sai ya sunkuyar da kai, yadda aka tarbiyyantar da shi. Baturen ya ɗauka tsoro ne, ya ce wanda ba ya iya kallon mutum ba zai iya kallon ƙwallo ba, ya ajiye shi a benci wata huɗu. Da ƙyar Safiyanu ya koyi kafa wa mai faɗa ido, har a madubi ya riƙa gwadawa kamar taɓaɓɓe. Sannan aka maida masa gurbinsa.

Malam Alkasum bai ko ajiye basillarsa ba ya fara faɗa. Samarin unguwa sun nuna masa a waya ƙwallaye ukun da aka zura wa ɗansa, suna ta dariya, ya ce ya gaji da jin sunan gidansa a bakin masu shan shayi. Safiyanu ya tattara hankalinsa duka yana saurare, don tsohon ya ga maganar tana shigarsa.

Basillar ta tsaya.

"Ni kake kallo cikin ido, Safiyanu?"

Sai a lokacin ya gane abin da ya yi. Ya yi maza ya sadda kai, ya ce, "Baba, wallahi ba raini ba ne."

"Tashi, kar mota ta bar ka. Wanda ya koya maka wannan, ka je shi ya sa maka albarkar."

Ya jira har ƙafafunsa suka yi tsami, tsohon na ta ɗinkin jakarsa.

Haka ya tashi ya shiga mota babu albarkar. Har suka wuce garin Takeita kansa na sunkuye, ga shi babu wanda hakan zai yi wa daɗi yanzu. Ranar Litinin kuma dole ya ɗago shi a gaban mai horar da su.