Kwallin da Fulera Ta Niƙa wa 'Yarta

Duk garin Fammar ba mai niƙa kwalli kamar Fulera. Mijinta Baballe, direban motar haya, shi ke kawo mata dutsen daga Kano, ita kuwa ta daka, ta niƙa, ta tankaɗe, a kai kasuwar Kibiya. Dabararta ɗaya ce, wajen uwarta ta gada: sai ta dangwali garin ta ɗora a harshe. In ya yi garas-garas a haƙori, to da saura.

Sau biyu ciki na zube mata. Mata, da ba a raba su da sanin dalili, wasu suka ce iska, wasu suka ce baki. Na ukun, da ya shiga shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, shi ya zauna. Murna kamar ta kashe Fulera. Ta sayi ɗan ƙaramin tandu, ta ware dutse mafi ƙyalli, ta ce wannan na idon jaririnta ne, ba za a sayar ba. Kullum tana niƙa shi tana ɗanɗanawa, wai kada ko ƙwaya ɗaya ta soki idon ɗa.

A wata na bakwai ciwon mara ya murɗe ta, Baballe ya ɗauke ta sai asibiti a Rano. Mace aka haifa, ko kuka ba ta yi ba.

Da likita ya zo duba Fulera, sai ya ga wani baƙin layi a dasashinta.

"Baiwar Allah, wace sana'a kike yi?"

Ta gaya masa, har da ɗanɗanawar. Sai ya ce, "Akwai dalma a dutsen kwalli. Guba ce. Abin da ya shiga jininki kuwa yana isa ga ɗan da ke ciki."

"Amma likita, Innata ma haka take yi."

"'Ya'ya nawa ta haifa?"

Fulera ta shiga ƙirga su a zuci. Ita kaɗai ce ta rayu a ɗakinsu, kuma duk tsawon shekarun nan ƙaddara kawai ake cewa.

Da Baballe ya dawo daga maƙabarta, ya tarar da ita da tandun a tafin hannu, don tun a gida ta ƙulle shi a bakin zani. Baƙin ciki ya hana ta hawaye.

"Malam, ta buɗe idon kuwa?"

"Ba ta buɗe ba, Fulera."

"Ya yi laushi fa," ta ce. "Wallahi ban taɓa niƙa mai laushinsa ba."